Me Ke Sa Mutum Ya Ba Da Dukiyarsa Domin Ceton Ɗan da Bai Sani Ba?

 

Duk inda aka kafa tebur ana rabon gidan sauro, ko ma'aikata suka bi gida-gida da maganin damina na yara, ba a rasa dattijon da zai tsaya ya tambaya: "Wa ya biya kuɗin wannan? Me kuma yake nema a wurinmu?" Tambaya ce ta mai hankali. Wanda ya tashi a kasuwa ya san cewa kaya ba sa tsallake iyaka sai wani ya biya, kuma wanda ya biya yana da dalili. Saboda haka ta cancanci amsa cikakkiya. Idan kuka san dalilan masu bayarwa, za ku san abin da kuke karɓa, za ku kuma ga yadda sadakar da ku kanku kuke fitarwa kowace Juma'a za ta ƙara auki.

Inda kuɗin suke fitowa

Mafi yawan kuɗin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro na gwamnatoci ne, namu da na ƙasashen waje. Da yawa daga cikinsu suna bi ta Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda aka kafa a 2002. Gwamnati kuwa tana da lissafinta na siyasa, ta bayar yau, gobe ta janye. An ga haka a 2025, lokacin da Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, ayyukan lafiya masu yawa suka tsaya a ƙasashenmu.

Akwai kuma wani kaso da ke fitowa daga aljihun mutane ɗaiɗai: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, masu shaguna, ɗalibai da tsofaffi masu cin fansho. Ba su san sunan ƙauyenku ba, kuma da wuya su taɓa taka shi. A kansu wannan bayani yake.

Ga girman abin da suke dubawa. Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan mutum 600,000 zazzaɓin cizon sauro ya kashe a 2023, galibinsu a Afirka, kuma kimanin uku cikin huɗu na waɗanda suka mutu a Afirka yara ne da ba su cika shekara 5 ba. Nijeriya kaɗai ta ɗauki kusan kashi 31 cikin 100, Nijar kuma kusan kashi 6. Kun san watannin da abin yake tsananta, daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da gero yake kai kuma gadajen asibiti suke cika.

Dalili na farko: ido ya gani, zuciya ta motsa

Gani ya kori ji. Yawancin masu bayarwa sun fara ne daga ranar da suka ga mutum ɗaya cikin wahala. Wani ɗan Ingila mai suna Rob Mather ya ga labarin wata ƙaramar yarinya da gobara ta ƙona a talabijin a 2003, sai ya shirya taron iyo domin tara mata kuɗin magani. Da ya ga yadda mutane suka amsa, ya tambayi kansa wace cuta ce take kashe yara da yawa alhali kariyarta tana da araha. Amsar ta kai shi ga gidan sauro. A 2004 ya kafa gidauniyar Against Malaria Foundation, wadda ta biya kuɗin ɗaruruwan miliyoyin gidajen sauro, har da waɗanda aka raba a Gana da Togo da Nijeriya da Chadi.

Sai dai tausayi yana da nasa rauni. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007, an ba mutane 'yan kuɗi, aka kuma roƙe su su taimaka. Wasu an nuna musu hoton yarinya ɗaya 'yar shekara 7 daga Mali, wasu kuma an gaya musu yawan miliyoyin da ke fama da yunwa. Waɗanda suka ga hoton yarinyar sun fi bayarwa nesa ba kusa ba. Haka zuciyar ɗan Adam take: fuska ɗaya ta fi motsa ta a kan adadi mai yawa. Masu damfara sun san wannan, shi ya sa suke yawo da hotuna masu tayar da hankali a tasha da WhatsApp. Tausayi shi ke buɗe jaka, amma ba shi ke nuna inda ya dace a kai kuɗin ba. Wannan aikin hankali ne.

Dalili na biyu: nisa ba ya rage darajar rai

A 1971 miliyoyin mutane suka gudu daga yaƙi a Gabashin Pakistan, ƙasar da ta zama Bangaladash, suna mutuwa da yunwa da cuta. Wani malamin falsafa ɗan Ostareliya, Peter Singer, ya rubuta maƙala a 1972 yana tuhumar masu hali da suka yi shiru. Misalin da ya kawo mai sauƙi ne. Kana wucewa ta bakin kududdufi marar zurfi, sai ka ga yaro yana nutsewa. Idan ka shiga, tufafinka za su lalace da taɓo. Babu mai hankalin da zai tsaya yana auna kuɗin riga da ran yaro. To, in ji shi, idan kuɗin wannan rigar za su ceci wani yaro a ƙasa mai nisa, me ya raba su biyun in ban da cewa ɗaya kana ganinsa, ɗayan ba ka gani?

Mutane da yawa a Turai da Amurka sun ce wannan tambaya ce ta hana su barci har sai da suka fara bayarwa. A gare ku ba baƙon tunani ba ne. Fataken da suka bi hanyar Gwanja sun kwana a gidajen mutanen da ba su haɗa dangi ba, mahajjatan ƙasa da suka ratsa Chadi da Sudan sun ci abincin waɗanda ba za su sake gani ba. Sauro kuma ba ya nuna takarda a iyaka. Wanda ya ciji yaro a Ɗan Isa ɗan'uwan wanda ya ciji yaro a Jibiya ne.

Dalili na uku: idon ɗan kasuwa

Wannan dalili shi ya fi kusa da sana'arku. Ba ka sayen buhun wake sai ka soka tsinke ka ga cikinsa, ba ki sayen atamfa sai kin taɓa kin ji ƙwarinta. Amma idan aka zo batun taimako, mutum yakan miƙa kuɗi ya juya baya, kamar duk inda suka faɗa daidai ne.

Wasu matasa biyu a Amurka, Holden Karnofsky da Elie Hassenfeld, ma'aikatan wani kamfanin zuba jari ne, aikinsu duba inda kuɗi za su yi riba. Da suka yi niyyar ba da wani abu daga albashinsu, sai suka tambayi ƙungiyoyin agaji abin da suka saba tambayar kamfanoni: me kuke yi da kuɗin, kuma wace shaida ke nuna yana aiki? Suka tarar da kaɗan ne ke iya ba da amsa. A 2007 suka ajiye aikinsu suka kafa GiveWell, wadda sana'arta bincikar ƙungiyoyi da wallafa abin da ta gano kowa ya gani.

Abin da irin wannan bincike ya fito da shi ya girgiza mutane: tsakanin aikin alheri da aikin alheri akwai tazara mai faɗi. Ga misali ɗaya. An taɓa ƙirƙiro wani famfo mai suna PlayPump a kudancin Afirka, wanda aka haɗa da lilon yara mai juyawa, da nufin yara suna wasa ruwa yana hawa tanki. Hotonsa ya burge duniya, har a 2006 aka sanar da gudummawar sama da dalar Amurka miliyan 16 dominsa. Da aka koma ƙauyukan bayan 'yan shekaru, aka iske yara sun gaji da juyi, mata ne ke tura lilon da hannu, wasu famfunan sun lalace babu mai gyara, kuma kuɗin guda ɗaya ya isa a kafa famfon tuƙa-tuƙa fiye da ɗaya. Niyyar masu bayarwa kyakkyawa ce. Tambayar matan da za su ɗebi ruwan ce ba a yi ba.

Wanda ya gane wannan tazara, sau da yawa a ranar yake fara bayarwa da gaske. Da can yana riƙe hannu ne saboda yana zaton komai ya bayar zai salwanta. Da ya ga akwai wurin da aka auna aka tabbatar, sai hannun ya saku. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, ko a sadaka.

Ayyukan da suka ci jarrabawa

Yadda ake aunawa ya yi kama da yadda manomi yake gwada iri. A zaɓi ƙauyuka masu kama da juna, a jefa ƙuri'a, wasu su fara samun abin, wasu su jira, sannan a ƙirga abin da ya faru a kowane ɓangare. Ayyuka huɗu da GiveWell ta sa a sahun gaba a 'yan shekarun nan duk ana yin su a yankinmu.

Na ɗaya shi ne gidan sauro mai magani. An gwada shi a Gambiya, aka sake gwadawa a Navrongo da ke arewacin Gana, inda sakamakon da aka wallafa a 1996 ya nuna mutuwar ƙananan yara ta ragu da kimanin kashi 17 cikin 100. Kuɗin guda ɗaya, tun daga masaƙa har ƙofar gidanku, kimanin dalar Amurka 5 ne. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar saifa ba, wato kusan jikka uku.

Na biyu shi ne maganin damina na yara, wanda a Nijar da Chadi ake kira CPS. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012 domin ƙasashen Sahel, inda zazzaɓi ke taruwa cikin 'yan watanni. Ana ba yaro ɗan wata 3 zuwa wata 59 sau ɗaya kowane wata a lokacin damina. Rana ta farko ma'aikaci ne ke bayarwa, rana ta biyu da ta uku uwa ce. A gwaje-gwaje ya hana kimanin uku cikin huɗu na kamuwa da zazzaɓin. A 2023 yara sama da miliyan 50 suka sha shi, kuma a wannan shekarar ƙungiyar Malaria Consortium tana cikin masu kai shi a Nijeriya da Chadi da Burkina Faso.

Na uku shi ne ɗigon bitamin A, sau biyu a shekara, ga yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Yana kare ido daga dundumi, yana kuma rage mutuwar yara, musamman ta hanyar zawo. Ƙungiyar Helen Keller tana tallafa wa rabonsa a Nijar da Kamaru da wasu ƙasashe.

Na huɗu shi ne ɗan kuɗin da ƙungiyar New Incentives ke ba uwa a arewacin Nijeriya idan ta kai jariri allurar rigakafi. An gwada tsarin a Katsina da Zamfara da Jigawa daga 2017 zuwa 2020, aka ga yaran da ke kammala alluransu sun ƙaru sosai. Abin da ke hana uwa zuwa sau da yawa kuɗin mota ne da cinikin ranar da za ta rasa.

Da aka haɗa lissafi, GiveWell ta ƙiyasta cewa a irin waɗannan ayyuka, dalar Amurka 3,000 zuwa 5,500 na hana mutuwar mutum ɗaya. Dalilin da kuɗin ya kai haka shi ne ba kowane yaron da aka ba gidan sauro ne da zai mutu ba, sai an rufe ɗaruruwa kafin a tsare rai ɗaya. Ga mai albashin Turai, wannan kuɗi ne da zai iya tarawa cikin shekara ɗaya ko biyu. Ranar da ya gane haka, da wuya ya koma yadda yake.

Kuna iya tambaya me ya sa ake raba gidan sauro kyauta, alhali an san abin banza ba a daraja shi. An gwada wannan ma. A Kenya an ba wasu mata masu juna biyu kyauta, wasu aka sa musu kuɗin da bai kai dalar Amurka ɗaya ba. Sakamakon da aka wallafa a 2010 ya nuna masu karɓa sun ragu da fiye da rabi da aka sa kuɗi, kuma waɗanda suka samu kyauta sun yi amfani da shi kamar waɗanda suka saya. Shi ya sa ake bayarwa kyauta.

Dalili na huɗu: imani da kaso sananne

Kafin duk waɗannan bincike, addini ya riga ya koya wa mutane bayarwa. Musulmi ɗan kasuwa yana fitar da ɗaya cikin arba'in na dukiyar da ta kai nisabi ta kuma shekara. Manomi yana fitar da ɗaya cikin goma na amfanin damina, ɗaya cikin ashirin na noman ban ruwa. Kirista yana da ushirinsa. Hikimar kaso sananne ita ce ba ya jiran ranar da zuciya ta yi taushi. Lokaci ya yi, ka lissafa, ka fitar.

Wani malami a jami'ar Oxford ta Ingila, Toby Ord, ya bi wannan hanya. A 2009 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Giving What We Can, inda mutum yake alkawarin ba da kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu, tsawon rayuwar aikinsa, ga ayyukan da aka tabbatar da amfaninsu. Dubban mutane sun ɗauki wannan alkawari, masu addini da marasa shi.

Duba wurin da buƙata ta fi tsanani ma tsohon abu ne a tarihin Musulunci. Sayyidina Usman ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, a lokacin da ruwan sha ke wuya. Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ta kashe dukiya mai yawa wajen samar da ruwa a Makka da kan hanyar mahajjata daga Iraƙi. Dukansu sun dubi abin da ya fi damun mutane ne, suka kai dukiyarsu can.

Abu ɗaya na kiyayewa: zakka tana da mutanenta, kashi takwas da aka ambata a Suratut Tauba. Kafin ka miƙa zakkarka ga wata ƙungiya, tambayi malamin da ka amince da shi. Sadaka da waƙafi kuwa ƙofarsu a buɗe take. Kuma babu mai cewa ka tsallake ɗan'uwa ko maƙwabci mai yunwa. Haƙƙinsu yana nan. Magana ce kan abin da ya rage bayan nasu.

Dalili na biyar: wani na kusa ya fara

Idan aka tambayi masu bayarwa ranar da suka fara, da yawa sukan ce aboki ne ya yi musu magana, ko sun ga abokin aiki yana yi. Ku kun fi kowa sanin wannan. Adashi yana tafiya ne saboda kowa yana ganin zubin kowa, kuma uwar adashi sananniya ce. Gudummawar biki ma haka. Mutum yakan ji nauyin zama shi kaɗai bai sa hannu ba, yakan kuma sami ƙarfin gwiwa idan ya ga wanda ya fi shi ƙaramin jari ya bayar.

Bayan an fara, abin da ke sa a ci gaba shi ne ganin sakamako. Ciwon kurkunu misali ne da dattawanku za su shaida. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa da shi a shekara. Babu allurarsa, babu ƙwayarsa. Da ƙyallen tace ruwa, da hana mai ciwon shiga tafki, da masu sa kai na ƙauye aka yaƙe shi, tare da Cibiyar Carter da shugabanni irin su Janar Yakubu Gowon. An tabbatar da Nijar da Nijeriya sun rabu da shi a 2013, Gana a 2015. A 2023 waɗanda suka kamu a duniya duka ba su kai 20 ba, mafi yawansu a Chadi. Wanda ya sa kuɗinsa a wannan aiki ya ga inda suka tafi.

Zargi yana da tushe, tambaya kuma haƙƙinku ce

Ba duk mai zuwa da farar mota ne mai gaskiya ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, wani kamfanin magunguna na Amurka ya gwada sabon magani a kan yara kimanin 200. Yara 11 suka mutu cikin waɗanda aka yi gwajin da su, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta a 2009. Tabon wannan abu yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Cin amanar farko ya cutar da yara, ƙin rigakafin da ya biyo baya ya cutar da wasu yaran.

Maganin zargi shi ne tambaya. Duk wanda ya zo neman gudummawarku, ko ya zo da taimako, na gida ne ko baƙo, ku tambaye shi waɗannan:

1. Me za a yi da kuɗin, kuma su wa za su amfana?
2. Nawa ake kashewa a kan mutum ɗaya?
3. A ina aka gwada wannan aiki aka ga amfaninsa, kuma hukumar lafiya ta ƙasa ta san da shi?
4. Ina littafin shiga da fita, kuma wa ke duba shi ban da mai riƙe da shi?
5. Ina aikin da kuka yi shekara biyu da suka wuce, mu je mu gani ko yana nan?

Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya fusata ko ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku.

Abin da ke hannunku

Kada ku ce wannan zance na masu dalar Amurka ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma akwai giɓin da ku kaɗai za ku iya cikewa. A ɗakin yara na asibiti, abin da muka fi gani yana kashe yaro shi ne jinkiri. Zazzaɓi ya kama shi ranar Talata, ba a sami kuɗin mota ba sai Juma'a, ya iso yana jijjiga, tafin hannunsa fari fat, jini ya ƙare. Maganin yana nan, wani lokaci ma kyauta, amma kwana ukun nan sun riga sun yi ɓarna.

Ku yi wannan lissafi. Idan 'yan kasuwa 100 suka zuba saifa 100 kowanne, wato dala ashirin a bakin kasuwa, a kowace ranar kasuwar mako, an tara jikka goma a mako, saifa 520,000 a shekara. Ku tambayi direbobin tasharku nawa ne kai marar lafiya asibiti mafi kusa, ku raba, ku ga yara nawa ke nan. A damƙa asusun ga mutum uku, har da mace, a rubuta komai a littafi, a karanta shi a gaban jama'a kowane wata. Sarkin kasuwa da limami su zama shaidu. A sanar da direbobi da masu kabu-kabu cewa duk wanda ya ɗauki yaro mai jijjiga ko mace mai naƙuda da dare, asusu zai biya shi da safe.

Ga kuma sadakar da ba ta buƙatar ko sisi. Namiji lafiyayye yana iya ba da jini bayan kowane wata uku, kuma a watannin damina leda ɗaya tana iya tayar da yaron da ya galabaita. Idan za ku gina rijiya ko famfo domin iyayenku da suka rasu, ku ware kuɗin gyara tun ranar farko, ku kuma san wanda zai gyara, domin famfon da ya mutu ba ya shayar da kowa.

Abin da aka ba ku kuma amana ce. Gidan sauro a rataya shi kowane dare, yara da mai juna biyu su fara shiga. Kada a kai shi kasuwa, kada a kewaye lambu da shi, kada a kama kifi da shi. Ke uwa, maganin damina na rana ta biyu da ta uku yana hannunki, ki cika shi ko da yaro yana wasa lafiya lau, ki kuma adana katin har wata mai zuwa. Idan zazzaɓi ya kama yaro duk da haka, a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a kwana biyu ana jira. Wani ya rage cin abincinsa a wata ƙasa domin wannan magani ya iso, sauran aikin a ɗakinki yake.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ku karanta wa wanda bai iya karatu ba, ku kai maganar asusun nan taron 'yan kasuwarku na gaba, tun kafin ruwan farko ya sauka. Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa albarka a cinikinku, Ya karɓi abin da kuka bayar. Amin.